Yini Guda a Gashaka-Gumti da Haƙƙin Masu Nuna Mana Daji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun bayan ziyarar yini guda da na kai gandun daji na ƙasa na Gashaka-Gumti a ranin da ya wuce. Ni malamin makaranta ne, na yi shekaru ina koyar da ilimin ƙasa a Jalingo, na sha zana taswirar wannan gandu a allo, na kuma sha faɗa wa ɗalibai cewa a cikinsa ne dutse mafi tsawo a Najeriya yake, amma sai bana Allah ya nufa na sa ƙafata a ciki. Abin da idona ya gani ya faranta mini rai ƙwarai. Sai dai abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mutumin da ya shige mana gaba a wannan yini, da sauran 'yan jagora irinsa, waɗanda nake ganin ba mu ba su matsayin da ya dace da su ba.

Ga wanda bai san wurin ba, Gashaka-Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,400, yana shimfiɗe a jihohin Taraba da Adamawa, gefensa na gabas kuma yana jingine da iyakar Kamaru. A 1972 aka fara keɓe dazukan Gashaka da Gumti domin kare namun daji, sannan a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Taraba, Gwamnatin Tarayya ta haɗe su wuri guda ta mayar da su gandun ƙasa. Hedikwatarsa tana garin Serti, a kan hanyar da ta taso daga Jalingo ta ratsa Bali ta hau tsaunin Mambila zuwa Gembu. Ɓangaren arewa, wato Gumti, fili ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi, ta wajen Toungo ake shigarsa. Ɓangaren kudu kuwa duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi mai duhu, ƙasa tana ta hawa har ta kai ƙololuwar Chappal Waddi, wanda mutanen yankin ke kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419. Hawan wannan dutse aikin kwanaki ne ga masu ƙarfin ƙafa, mu dai namu yini guda ne a gindin duwatsun.

Mu biyar ne muka kwana a Serti, muka yi sammako bayan sallar Asuba a cikin wata a-kori-kura mai ƙarfi, sanyin hunturu yana ratsa riga, hazo ya rufe kawunan duwatsu. A ƙofar shiga aka rubuta sunayenmu, aka haɗa mu da ma'aikacin tsaron gandu mai ɗauke da bindiga, da kuma ɗan jagora, wani dattijo siriri da zai kai shekara hamsin, haifaffen wani ƙauye da ke gefen gandun, wanda Hausa da Fulatanci duk suke zaune a bakinsa. Kafin mota ta tashi ya tara mu ya shimfiɗa mana ƙa'idoji cikin natsuwa: a yi tafiya a layi ɗaya a bayansa, kada a ɗaga murya, kada a jefa wa biri abinci, in ya ɗaga hannu kowa ya tsaya cik a inda yake. Ya dubi wani abokin tafiyarmu da ya sa shuɗiyar riga ya ce masa, "Malam, in kana da wata rigar a jaka ka canja, domin ƙudan tsando shuɗi da baƙi yake bi." Ya kuma roƙi wanda ya shafa turare da ya wanke hannuwansa da wuyansa, saboda dabba tana jin ƙamshi tun kafin mutum ya hango ta.

Hanyar shiga ta ƙasa ce, tana hawa tana gangara, a wasu wuraren mota ta ratsa rafi a hankali ruwa yana taɓa gindinta, abin da ya sa ziyara irin wannan ta fi sauƙi daga Disamba zuwa Maris, kafin ruwan sama ya cika koguna. Ba mu yi nisa ba muka tarar da garken gwaggon biri sun baje a kan hanya suna shan hantsi, manyan mazan suna zaune a gefe suna kallonmu ba tare da tsoro ba, 'ya'yan suna maƙale a bayan iyayensu mata. Wannan kowa ya gani da idonsa, bai buƙaci a nuna masa ba. Amma daga lokacin da muka sauka daga mota kusa da ƙauyen Gashaka muka shiga kurmi da ƙafa, na gane gaskiyar maganar da ake yi cewa baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.

Ranka ya daɗe, da mu kaɗai muka shiga wannan kurmi da mun fito muna cewa babu komai a ciki sai ganye da kukan tsuntsaye. Ɗan jagoran nan yana tafe yana karanta ƙasa kamar yadda alaramma ke karanta allo. A wani wuri ya durƙusa a gaban kashin dabba, ya tona shi da tsinke, ya kara bayan hannunsa a kai, ya ce ɓauna ce, kuma ba ta daɗe da wucewa ba domin cikin kashin bai huce ba. Ya ɗebi ƙura da yatsunsa ya sake ta a iska domin ya ga inda take kaɗawa, sannan ya karkatar da mu muka bi ta ƙasan iska, saboda kada warinmu ya riga mu isa. Ba mu cim ma ɓaunar ba, kuma ya gaya mana a fili cewa ba ya son mu cim mata a cikin duhuwa, domin ɓauna in ta firgita a wuri matsattse ba ta da kyau. Amma wannan karkatawar ce ta kai mu bakin wani ƙorama inda mazo yake shan ruwa, ja mai fararen zane a jiki, ya ɗaga kai ya kafa kunnuwa, muka tsaya muna kallon juna tsawon numfashi kaɗan, sannan ya yi tsalle ɗaya ya ɓace. Da ɗan jagora bai taɓa kafaɗata ya nuna da leɓe ba, da na wuce shi ina zaton tarin busasshen ganye ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya nuna mana game da dabbar da ba mu gani ba sam. A ƙarƙashin wata doguwar bishiya ya ce mu ɗaga kai, muka hango wani curin rassa da aka lanƙwasa aka saƙa kamar faifai a can sama. Ya ce wannan gadon biri mai ganga ne, babban birin nan marar wutsiya wanda ya fi kowace dabba kama da mutum, kuma kullum da yamma sabon gado yake yi, ba ya komawa na jiya. Daga launin ganyen yake gane kwanakin gadon: wanda yake kore shar na daren jiya ne ko shekaranjiya, wanda ya yi ruwan ƙasa ya yi makonni. Can gaba kaɗan ya ɗauko wani siririn tsinke da aka zage wa ganye, bakinsa ɗaya a tattaune, yana yashe a gefen ramin kwarkwasa. Ya nuna mana yadda birin yake zira tsinken a rami, kwarkwasa su hau, ya zare ya suɗe, da yadda yake amfani da sanda mai ɗan kauri wajen tono zuma daga kogon itace. Na riƙe wannan tsinke a hannuna ina jujjuya shi, ina tunanin cewa wata halitta ce ta zaɓe shi daga cikin dubban rassa, ta gyara shi da gangan domin wata buƙata. Muna tsaye a wurin sai muka ji ihu daga can ƙetaren kwari, sannan wani amo mai zurfi ya biyo baya, dum dum dum, kamar ana kaɗa ganga a nesa. Ɗan jagora ya yi murmushi ya ce ga asalin sunan nan, suna dukan manyan saiwoyin bishiya da hannu da ƙafa domin su sanar da 'yan'uwansu inda suke.

Ya kamata masu karatu su san cewa irin wannan biri da ke Gashaka jinsi ne na musamman wanda babu shi a ko'ina a duniya sai a Najeriya da Kamaru, kuma shi ne mafi ƙarancin yawa a cikin danginsa, domin ƙiyasin masana bai wuce 9,000 ba gaba ɗaya, wannan gandu kuma yana cikin manyan mafakarsa da suka rage. Saboda shi ne masu bincike daga jami'o'in gida da na Ingila suka kafa sansani a Kwano, can cikin kurmi, tun daga shekarar 2000. Duk wanda ya san yadda irin wannan bincike yake gudana ya san cewa mutanen ƙauyukan yankin ne suke shige wa masanan gaba, su ne suke gane sawu, su ne suke jin kuka su faɗi mai shi.

A cikin tafiyarmu a kurmin ne kuma wani abin takaici ya faru. Mun iske wani ayarin baƙi a ƙarƙashin itatuwan da birai masu roro suke, waɗannan baƙaƙen birai masu farin gashi da ya zubo musu a kafaɗa kamar alkyabba, da doguwar wutsiya mai farin tuntu. Suna zaune a sama suna cin ganye cikin kwanciyar hankali, mu kuma mun yi tsit muna kallo, sai wani saurayi daga cikin ayarin ya kunna waƙa a wayarsa domin ya ɗauki bidiyo da kiɗa a ciki. Kafin ƙiftawar ido biran sun watse, rassa suna ta kaɗawa a bayansu. Ɗan jagoranmu bai yi faɗa ba, ya matsa kusa da shi ya ce, "Ɗana, nan gidan wasu ne, mu baƙi ne muka zo." Yaron ya kashe wayar, amma abin da mutum goma suka yi tafiyar sa'o'i domin su gani ya riga ya tafi. Na tuna da ayar nan ta cikin Suratul An'am da ke cewa babu wata dabba a bayan ƙasa, ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa, face al'ummomi ne kamar mu. Wanda ya shiga garin wata al'umma kuwa akwai ladabin da ake jira daga gare shi.

Mun yi sallar Azahar a bakin kogi, a kan wani faffaɗan dutse, muka yi alwala da ruwa mai sanyi garau wanda ake hango kifi a ƙasansa. Da muka gama cin guzurinmu, ɗan jagora ya bi wurin ya tsince kowace leda da kowane murfin gora, har da waɗanda wasu suka yar kafin zuwanmu, ya cusa a jakarsa bai ce wa kowa komai ba. Daga nan ya hau da mu wani tudu inda kufan ganuwar Jamusawa take, ragowar zamanin da wannan yanki yake ƙarƙashin mulkinsu a matsayin wani ɓangare na Kamaru, kafin Ingila ta karɓe shi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kafin kuma ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo da shi Najeriya. Da la'asar sakaliya muka tsaya a gurbin dorina da ke kogin Kam. Da farko ba ka ganin komai sai ruwa, sannan kunnuwa biyu su ɓullo, hanci ya fesar da iska, wani ƙaton kai ya taso ya sake nutsewa. Ya nuna mana turbar da suke bi su fito kiwo da dare, ya ja mu baya daga kanta, ya ce duk abin da mutum zai yi kada ya shiga tsakanin dorina da ruwa.

A kan hanyarmu ta komawa na zauna kusa da shi a bayan mota na tambaye shi inda ya koyi wannan ilimi. Ya ce mahaifinsa maharbi ne, kakansa ma haka, kuma tun yana yaro yake riƙe wa mahaifinsa jaka a daji. Duk abin da ya nuna mana, daga karatun sawu har zuwa bin iska, ilimin farauta ne, abin da ya canja shi ne yanzu yana kai mutane su ga dabba su bar ta da ranta. Ya ce mazon da muka gani da safe, in an harbe shi, kuɗinsa na kasuwa ɗaya ne, amma in yana raye zai iya nuna shi ga baƙi yau, ya nuna shi gobe, ya nuna 'ya'yansa baɗi. Na daɗe ina karanta irin wannan bayani a takardu, ban taɓa jin ya shige ni kamar yadda ya fito daga bakin wanda abin ya shafi tukunyar gidansa ba.

Da muka iso ƙofa ana shirin kiran Magariba, na ga abin da ya sa ni rubuta wannan wasiƙa. Wani bawan Allah daga cikin ɗaya ayarin, wanda ya zo da mota mai tsada da na'urar ɗaukar hoto da kuɗinta zai ciyar da gida wata da watanni, ya tsaya yana ciniki da ɗan jagoransu kamar mai sayen tumatir, daga ƙarshe ya miƙa masa abin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba, yana cewa ai ya riga ya biya kuɗin shiga, kuma ai ba su ga zaki ba. Mutumin ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, amma na ga fuskarsa. Ya yini yana tafiya a gaba, shi ne zai fara haɗuwa da maciji ko ɓauna in an yi rashin sa'a, ya kai mutane ya dawo da su lafiya, sakamakonsa ke nan. Na tambayi kaina, in wannan mutum ya koma gida ya tarar da buƙata, wani kuma ya zo masa da tayin kuɗi domin ya nuna masa inda ɗankunya, dabbar nan mai ɓawo kamar sulke, yake kwana ko inda manyan itatuwan madobiya suka rage, me muka ba shi da zai sa ya ce a'a?

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, domin masu irin wannan tayi suna nan. Duk mutumin Taraba ya shaida shekarun da manyan motoci suka yi ta fita da gungumen madobiya, wadda 'yan kasuwar suka laƙaba wa suna Madrid, ana kai ta tashar jiragen ruwa zuwa ƙasar Sin, har dazuka da dama na wajen gandun suka zama fili, masu saran kuma suka fara leƙa cikin gandun kansa. Akwai masu ɗana tarkon waya, wanda ba ya zaɓen abin da zai kama, yana iya cafke gada, yana iya tsinke hannun biri mai ganga. Akwai masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba a bakin koguna. Ma'aikatan tsaron gandu sun rasa rayukansu a hannun irin waɗannan mutane, Allah ya jiƙansu. Gandu mai wannan faɗi, mai duwatsu da kwazazzabai, ba a iya tsare shi da bindiga kaɗai, ko da an ninka yawan masu gadi. Sai da ɗan gari akan ci gari, kuma da ɗan gari ne akan tsare shi.

Dole ne in yi adalci in ce an sami ci gaba. Tun daga 2017 da gidauniyar Africa Nature Investors ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa domin tafiyar da Gashaka-Gumti tare, an ɗauki matasa daga ƙauyukan yankin an horar da su aikin tsaron gandu, an kuma ƙarfafa sintiri. Wannan abin yabo ne. Roƙona shi ne irin kulawar da aka ba ɓangaren tsaro a faɗaɗa ta zuwa ɓangaren jagorancin baƙi, domin mai gadi yana hana ɓarna ne, ɗan jagora kuwa shi ne yake sa baƙo ya ƙaunaci wurin har ya koma gida ya turo wasu. Ina ba da shawarar a tsayar da ladan ɗan jagora na yini, a rubuta shi ɓaro-ɓaro da Hausa da Fulatanci da Turanci a inda kowane baƙo zai gani, domin a raba mai ilimi da wulaƙancin ciniki. A ba su horo a kan taimakon gaggawa, musamman saran maciji da karaya, tunda asibiti yana da nisa daga inda suke kai mutane. A ba su takardar shaida da za su yi alfahari da ita. Sama da duka, a zaunar da dattawan cikinsu a rubuta abin da suka sani, sunayen itatuwa da tsuntsaye da amfaninsu a harsunan yankin, domin an ƙidaya tsuntsaye sama da iri 500 a wannan gandu, kuma na tabbata da yawansu suna da sunayen gida da za su bi masu su kabari in ba a yi hanzari ba. Ɗan jagoranmu ya ambaci sunayen tsuntsaye fiye da goma a wannan yini daga kukansu kaɗai, ni da nake malami cilakowa da zabon daji kawai na gane.

Akwai maganar makiyaya, wadda ba na son a yi mata kallon sama-sama. Tun lokacin da aka keɓe dajin an bar wasu yankuna a kan tsaunuka, irin su Selbe da Filinga da Hendu, inda Fulani da manoma suke zaune da izini, domin sun riga gandun zuwa. Waɗannan mutane sun san tsaunukan fiye da kowa, kuma sun ɗanɗana asara tare da namun daji, kamar yadda annobar cutar bushiya ta 1983 ta kashe shanu ta kuma kashe ɓauna ba ta bambanta ba. Gaskiya ne shigowar garkunan shanu daga nesa da ƙona daji ba bisa tsari ba suna cutar da gandun, kuma dole a faɗa. Amma matashin da ya tashi a ruga a kan waɗannan duwatsu, wanda ya san kowace hanya da kowane marmaro, shi ne ya fi cancanta ya zama ɗan jagoran masu hawan Chappal Waddi, kuma in yana samun halalinsa daga wannan aiki, shi ne zai fara kai rahoton baƙon da ya shigo da mugun nufi.

Na san wani zai ce, ana fama da tsadar rayuwa da rashin tsaro, wa yake da lokacin biri da dorina? Ina girmama wannan magana domin ni ma a cikin halin nake. Amsata ita ce ruwan da na yi alwala da shi a bakin kogin nan. Kurmin da ke kan waɗannan duwatsu shi ne yake riƙe ruwan damina ya riƙa sakinsa a hankali har cikin rani, ƙoramu su haɗu su zama kogin Kam da 'yan'uwansa, su zuba a kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Masunci da mai noman rani da makiyayi da ke can ƙasa, waɗanda ba su taɓa jin sunan Kwano ba, suna shan albarkar wannan kurmi. In aka sare shi, ruwa zai riƙa saukowa gaba ɗaya da damina ya yi ambaliya, da rani kuma kogi ya koma yashi. Dattawanmu na arewa sun ga yadda koguna da dama suka koma haka a cikin rayuwarsu.

Ga 'yan'uwana masu karatu kuma, musamman na Taraba da Adamawa da maƙwabta, ina kira da mu daina ɗaukar irin wannan ziyara a matsayin abin Turawa. Mutane suna tasowa daga wata uwa duniya domin su ji gangar da na ji, mu kuwa tafiyar yini ce daga Jalingo zuwa Serti. Wanda ya yi niyya ya tuntuɓi ofishin gandun tun kafin ya taso domin ya ji halin hanya da na tsaro, ya zaɓi lokacin rani, ya tanadi takalmi mai rufi da tufafi masu launin ƙasa da isasshen ruwan sha, ya kuma sa a ransa cewa gandun daji ba gidan zu ba ne, babu wanda zai yi masa alkawarin ganin wata dabba a wata sa'a. Wata rana a ga da yawa, wata rana sawu da kuka kawai za a samu, kuma a irin wannan rana ce ake gane darajar ɗan jagora, domin shi ne zai mayar da sawun ya zama labari. In an dawo a sallame shi sallama ta mutunci, ba tare da an jira ya buɗe baki ba.

Ina kuma roƙon shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su dubi yiwuwar kai ɗalibai, ko da aji ɗaya ne a shekara, cikin ƙananan rukunoni da ba za su firgita dabbobi ba. Ni dai na riga na fara magana da iyayen ɗalibaina na ajin ƙarshe, muna tara abin da ya sawwaƙa kowane wata, da niyyar in Allah ya kai mu Janairu mai zuwa in kai goma daga cikinsu, kuma na roƙi a haɗa mu da dattijon nan da ya nuna mini tsinken biri mai ganga. A cikin lissafin da muka yi, ladansa muka fara warewa kafin kuɗin mota.

Kai kuma, ranka ya daɗe, ina roƙon ka tura wakilin wannan jarida Serti a cikin rani mai zuwa, ya yini a bayan ɗaya daga cikin waɗannan mutane, ya zauna da shi ya ji tarihinsa da buƙatunsa daga bakinsa, ya kawo wa masu karatu da Hausa.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
daga Jalingo, jihar Taraba.